Labarin Wani Fure Mai Bukatar Wuta



Yau zancenmu na wani ɗan tsiro ne wanda ba ya fita a ƙasarmu, ba a cinsa, ba a kuwa kai shi kasuwa. Na san wani zai ce, to, mene ne amfanin ɓata takarda a kansa? Ku dai yi haƙuri ku bi ni sannu, gama a cikin labarinsa akwai magana wadda ta shafi mai gona da mai kiwo, watau maganar wuta a daji, da abin da ya kan sami ƙasa in an raba ta da mutanen da suka san halinta.

Da fari sai ku san danginsa, don ba baƙi ba ne a gare ku. Kowa ya san wake, ya san gyaɗa da gujiya. To, masana tsire-tsire sun ce waɗannan gidansu ɗaya da baban rini, da ɗorawa, da tsamiya, da gawo, da bagaruwa. In kun yi mamakin yadda aka haɗa ƙaton itace kamar ɗorawa da ɗan wake, sai ku dubi 'ya'yansu. Dukansu a cikin kwasfa su ke zuba ƙwayoyinsu, a jere. Wannan ita ce alamar gidan.

Akwai kuma wata alama a ƙarƙashin ƙasa, wadda yawancinsu ke da ita. In damina ta yi tsaka, ku tumɓuke gindin gyaɗa ɗaya, ku kakkaɓe ƙasar, ku dubi saiwar. Za ku ga waɗansu 'yan ƙululai kamar ƙuraje sun manne mata. Ba cuta ba ce. In kun fasa ɗaya da farce, kuka ga cikinsa ja-ja, to, yana cikin aiki ke nan. Waɗansu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu su kamo wani sashe na iska da a ke kira naitirojin, su mai da shi abincin shuka. Abin da ya sa ke nan gonar da aka yi gyaɗa ko wake bara ta kan ba da dawa mai kyau bana. Manomanmu sun san haka tun ba su ji sunan naitirojin ba.

Tsiron da mu ke magana yana cikin wani reshe na gidan nan da Turawa ke kira lufin. Asalin sunan daga harshen Rumawan dā ya ke, daga kalmarsu ta kyarkeci. Mutanen dā sun ga yawanci a ƙasar da ta gaji a ke samun lufin, sai suka zaci shi ne ya cinye ƙarfinta, kamar yadda kyarkeci ke cinye tumaki. Ashe ƙage suka yi masa. Ya iya zama a ƙasa maras ƙarfi ne don yana da nasa taki a saiwa, kuma in ya bar wurin ya kan bar shi da dama fiye da yadda ya same shi.

Lufin iri-iri ne, sun fi ɗari biyu. Namu na yau ana ce da shi lufin na Kincaid, don tunawa da wani malamin jami'a mai nazarin halittu, Trevor Kincaid, wanda ya yi koyarwa a birnin Siyatil.

Yanzu sai mu tafi ƙasarsa. In mutum ya ratsa Amurka ya nufi yamma har ya kusa babban tekun nan da a ke kira Pasifik, can wajen arewa zai iske wata jiha, sunanta Oregon. A cikinta akwai wani kwari mai faɗi tsakanin jerin duwatsu biyu, tsawonsa kamar mil 150, kogin Wilamet ya bi ta tsakiyarsa. Sha'anin ruwan sama a can ya saɓa da namu. Da sanyi a ke yin ruwa, watanni da yawa, sa'an nan daga Yuli zuwa Satumba sai ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta yi fari. A cikin wannan kwari ne mafi yawan lufin na Kincaid ya ke. Akwai kaɗan a kudu da shi, da kaɗan a jihar Washington da ke arewa. Ban da nan babu shi ko'ina a duniya.

Tsayinsa ya kan kai gwiwar mutum, wani ya ɗara. Ganyensa a rarrabe ya ke kamar yatsun hannu, in kun ga ganyen rogo kun ga kamarsa, sai dai nasa yatsun sirara ne, daga 7 zuwa 13. Cikin watan Mayu ya kan fid da kai mai tsawo kamar ƙaramar zangarniyar gero, furanni sun kewaye ta hawa-hawa, launinsu tsakanin shuɗi da shunayya, suna da ɗan ƙanshi. Ba su daɗewa sai su koma ruwan ƙasa, har wanda bai sani ba ya ce sun ƙone. Ƙudan zuma na daji su ke kai masa garin fure daga wannan gindi zuwa wancan, in babu su ba ya yin 'ya'yan kirki. Sa'ad da kwasfar ta bushe sai ta fashe da ƙarfi, ta watsa ƙwayoyin.

Ba shekara ɗaya ya ke yi ya mutu ba. Da rani ganyen ya kan bushe, amma saiwar tana nan da rai, tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana ɓullowa can gaba, kamar yadda tofa ke yi. Sai ka ga fili ya cika da lufin, faɗinsa ƙafa 30, ka ce gindi hamsin ne, alhali kuwa tsiro ɗaya ne tal, wanda watakila ya girmi mai kallonsa.

To, shi wannan fure yana da wani baƙo wanda ba shi da masauki sai gidansa. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne, in ya buɗe fikafikansa duka faɗinsu bai wuce inci ɗaya ba. Namijin shuɗi ne mai sheƙi, macen kuwa ruwan ƙasa. Ana kiransa shuɗin Fender. Wani masani mai suna Ralph Macy ne ya fara rubuta bayaninsa a shekarar 1931, ya sa masa sunan abokinsa Kenneth Fender, wani mai raba wasiƙu da ke sha'awar tara ƙwari.

Ku saurari yadda rayuwarsa ta ke, don a nan ƙullin labarin ya ke. A watan Mayu da Yuni macen ta kan bi lufin, ta liƙa ƙwai ɗaya ɗaya a bayan ganye. Ba ta sa shi a kowane ganye. Lufin na Kincaid ta ke nema, in ta rasa sai waɗansu 'yan'uwansa biyu da su ma ba su da yawa a wurin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta fito, ta ci ganye 'yan kwanaki. Da lufin ya fara bushewa sai ta gangara gindinsa, ta shige cikin busassun ganyaye, ta kwanta barci. Ba ci, ba sha, har wajen wata takwas, rani ya wuce, ruwa da sanyi su wuce a kanta. Sa'ad da sabon toho ya fito, wajen watan Maris, sai ta farka ta hau ci.

A wannan lokaci ta kan sami masu gadi. Jikinta yana fid da wani ruwa mai zaƙi, kiyashi kuwa kun san halinsu da zaƙi. Sai su kewaye ta suna lasa, in wani ƙwaro ya zo zai cuce ta su kore shi. Zamansu kamar na makiyayi da saniyarsa ne, shi ya tsare ta, ita ta ba shi nono. Bayan ta ƙoshi sai ta naɗe kanta, ta sāke kama, ta fito da fikafikai. Duk wannan wahala ta shekara guda, kwanakin da zai yi yana tashi kamar goma ne kurum. An ƙiyasta mace ɗaya ta kan yi ƙwai wajen 350, amma da ƙyar biyu ke kaiwa ga yin fiffike.

Kun ga ke nan in lufin ya ƙare, shi ma ya ƙare. Haka kuwa aka zaci ya faru. Daga shekarar 1937 ba wanda ya sāke ba da labarin ganinsa, har masana suka fid da rai, suka lissafa shi cikin halittun da suka shuɗe.

Me ya cinye lufin? Amsa ta fari mai sauƙi ce. Garma da gine-gine. Ƙasar kwarin nan tana da albarka ƙwarai, mafi yawan mutanen jihar a nan su ke zaune, manyan garuruwansu, Portland da Salem da Eugene, duk a ciki su ke. An nome filayen, an dasa inabi da itatuwan 'ya'ya. Wani abin dariya ma, babbar sana'ar manoman wurin ita ce noman irin ciyawa, wadda a ke sayarwa a shuka a ƙofar gida da filin wasa. Watau an kashe ciyawar ƙasar don a noma ciyawar baƙi. Masana sun ce cikin kashi ɗari na filayen ciyawa na asali, abin da ya rage bai cika kashi ɗaya ba.

Amma akwai amsa ta biyu, ita ce na fi so ku riƙe. Ko a wuraren da garma ba ta taɓa shiga ba, a kan tuddai da gefen duwatsu, lufin yana ta ƙarewa. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya sare shi. Rashin taɓawar ne ma ya kashe shi.

Ga yadda abin ya ke. Kafin Turawa su zo, mutanen da ke zaune a kwarin ana kiransu Kalapuya. Sun yi dubban shekaru a wurin. Ba su yin noma da fartanya irin namu, amma kada ku ce ba su gyara ƙasa. Da wuta su ke gyaranta. Kowace shekara, in rani ya kusa ƙarewa, sai su cinna wa filayen wuta. Da ta wuce mata su bi da kwanduna suna kakkaɓo ƙwayoyin wata ciyawa mai danƙo, wadda wutar ta ƙone danƙon ta bar ƙwayar. Su tsince fara da ta gasu, gama su ma suna cin fara kamar mu. Barewa ta taru inda sauran ɗanyar ciyawa ta ke, maharba su same ta da sauƙi. Wani tsiro mai kai kamar albasa, wanda su ke gasawa a rami, shi ne babban abincinsu, shi ma sai ya ƙara yawa a inda aka ƙone. Wani Bature mutumin Sikotilan mai tara tsire-tsire, David Douglas, ya ratsa kwarin a shekarar 1826, ya yi ta kuka da cewa ƙasa duk a ƙone ta ke, dawakinsa sun rasa abin ci.

Abin da Douglas bai gani ba, shi ne wutar nan ce ta yi filin da ya ke tafiya a kai. Ruwan da a ke yi a kwarin ya isa ya tsirar da kurmi. In an bar ƙasar, itatuwa ne za su rufe ta. Wuta ce ke kashe 'ya'yan itatuwa tun suna ƙanana, ta share tarin busasshiyar ciyawa, rana ta kai ƙasa. Lufin kuwa ba ruwansa, gama a lokacin ya riga ya bushe, ransa yana can cikin saiwa inda wuta ba ta kaiwa.

Sai masifa ta auko wa mutanen. Daga 1830 zuwa 1833 wani zazzaɓi ya shiga ƙasar, wanda masana ke ganin na cizon sauro ne da baƙi suka kawo. Ya kashe su ƙauye ƙauye. Mutanen da dā dubbai ne masu yawa suka koma 'yan ɗaruruwa. Bayan 1840 Turawa masu neman ƙasar noma suka yi ta kwararowa da kekunan shanu, su kuwa ba su son wuta kusa da shingayensu da rumbunansu. A 1855 aka sa sauran Kalapuya suka sa hannu a takardar barin ƙasarsu, a 1856 aka kwashe su aka kai wani keɓaɓɓen wuri da a ke kira Grand Ronde. Wuta ta mutu a kwarin.

Daga nan itatuwa suka fara sauka daga duwatsu suna cin fili. Baƙin tsire-tsire da aka kawo daga ƙasashen waje suka bi baya: wata ƙaya mai yaɗo mai baƙaƙen 'ya'ya, wadda ke yin sarƙaƙiya har mutum ba ya iya ratsawa, da waɗansu dogayen ciyayi da ke yi wa lufin inuwa, su ɓoye shi har macen malam-buɗe-littafi ta kāsa samunsa. 'Yan guntayen da suka tsira suka zama tsibiri tsibiri, wannan a gefen hanya, wancan a bakin shinge. Shi kuwa ɗan ƙwaron ba ya nisa, da wuya ya wuce mil ɗaya da 'yan kai. Lufin ma in ya zama kaɗan a wuri ɗaya, sai ya zama auren gida ya yi yawa, 'ya'yansa su riƙa fita marasa ƙwari.

Ana nan, a shekarar 1989, bayan shekara 52, wani masanin ƙwari mai suna Paul Hammond ya hau wani tudu kusa da garin Corvallis, ya iske ɗan fili da lufin a ciki, ga kuma shuɗin Fender yana tashi a kansa. Aka bazu nema, aka sami waɗansu a wurare kaɗan. Amurka tana da wata doka ta 1973 mai tsare halittun da suka kusa ƙarewa. A farkon shekarar 2000 aka sa su biyun a ƙarƙashinta, furen da baƙonsa.

To, a nan fa aka shiga tsaka mai wuya. Ku sa kanku a matsayin masu tsaron wurin. In kun kewaye filin da waya kun ce kada kowa ya taɓa, ƙaya da itatuwa za su cinye lufin, ƙwaron ya mutu da yunwa. In kuwa kun sa wuta, ku tuna ina 'yar tsutsar nan ta ke a watan Satumba. Tana kwance cikin busassun ganye a gindin lufin, daidai inda wuta za ta bi. Za ta ƙone. A zamanin Kalapuya wannan bai zama abin damuwa ba, don ƙasar tana da faɗi, wuta ta ci nan ta tsallake can, waɗanda suka tsira su sāke cika wurin. Yanzu kuwa fili ɗaya bai wuce 'yan eka kaɗan ba, ashana ɗaya ta isa ta share zuriyar duka.

Waɗansu mata biyu masana, Cheryl Schultz da Elizabeth Crone, suka ɗauki maganar. Aka ƙone 'yan yankuna, aka bar waɗansu, aka yi ta ƙirga ƙwai da tsutsotsi. Aka ga lalle wuta tana kashe tsutsotsin da ta tarar. Amma da bazara lufin na wurin da aka ƙone ya kan fito da ƙarfi, matan da suka tashi daga yankin da ba a ƙone ba su zo su zuba masa ƙwai fiye da na sauran wurare. Suka yi lissafi, a shekarar 1998 suka bayyana shawararsu: a raba fili uku, a ƙone kashi ɗaya kowace shekara, a bar biyu. Hasarar kashi ɗaya, ribar da ke biyo baya ta fi ta.

A ganina wannan shawara tana da wuyar karɓa ga mai tausayi. Mutumin da ya yi shekaru yana neman ƙwaron nan, a ce shi ne zai riƙe wutar da za ta ƙone 'ya'yansa, ba ƙaramin abu ba ne. Amma sun yi. Inda wuta ba ta yiwuwa, kamar kusa da gidaje, sai a yanke ciyawa da inji bayan lufin ya bushe, a sare ƙaya. Aka kuma tara irin lufin ana shukawa a sababbin wurare, don tsibiran nan su kusanci juna. Shukarsa ma sai da dabara, gama ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai an ɗan kankare ta kafin ta sha ruwa ta tsira, kamar yadda a ke yi wa ƙwayar gawo. Da ya ke yawancin ƙasar kwarin ta masu gonaki ce, ba ta gwamnati ba, sai da aka bi su ɗaya ɗaya ana roƙo su bar wani gefe na gonarsu. Da yawa suka yarda. Jikokin Kalapuya na Grand Ronde su ma sun komo cikin aikin, suna sa wuta a waɗansu filayen da aka hana kakanninsu.

Kada fa wani ya rufe wannan takarda ya ce an ba shi izinin cinna wa daji wuta. Wutar da na ke faɗi ana shirya ta tun da watanni. A kan share iyakarta, a duba iska, a tsai da mutane da motocin ruwa, a ƙone abin da aka auna, a kashe ta kafin a tashi. Ina ita ina wutar mai farautar gafiya, wadda ke tashi tsakiyar hunturu ta cinye harawa da abincin shanu, wani lokaci har da rumbuna? Kuma ƙasar da ruwa ya yi mata yawa har kurmi na neman rufe ta, maganinta dabam ne da na ƙasar da itace ɗaya ke da daraja kamar tamu ta arewa. Kowace ƙasa da abin da ta saba da shi, kuma tsofaffin da suka daɗe a kanta su ya kamata a fara tambaya.

A farkon shekarar 2023 hukumar Amurka mai kula da kifaye da namun daji ta ba da sanarwa, ta ce wuraren da a ke samun shuɗin Fender sun ninka wajen sau huɗu bisa na shekarar 2000. Aka sauko da shi daga matakin waɗanda ke bakin ƙarewa zuwa na waɗanda a ke jin tsoro a kansu. Lufin na Kincaid kuwa a wannan mataki na biyu aka sa shi tun 2000, ba a kuwa fid da shi ba. Ƙayar nan ba ta tafi ko'ina ba, tana bakin kowane fili, in aka yi 'yan shekaru ba a zo ba sai ta shiga. Saboda haka kowane Satumba, in ciyawa ta bushe, masu aikin su kan fito da taswirarsu su duba wane kashi ne na bana.

Nan zan tsaya. Ku huta lafiya.